Ranar da Na Yi wa Allolin Anti Selvi Jere

Ba na jin zan taɓa mantawa da abin da kishi ya sa na aikata a Danau Kota, unguwar da na zauna ina karatu a ƙasar waje, lokacin kullen korona. Har yau idan na ga tsamiya a kasuwa, sai na kawar da kai.

Mu biyu ne a gidan, ni da Rifkatu, dukkanmu 'yan Zariya, muna karatun digiri na biyu. Ƙofarmu tana kallon ta mai gidan da muke haya, Anti Selvi, wata dattijuwa Ba'indiya wadda mijinta ya rasu. 'Ya'yanta biyu suna Ipoh, wani gari mai nisa, kulle ya hana su zuwa. Da aka ce mutum ɗaya ne zai riƙa fita sayayya daga kowane gida, Rifkatu ce ta ɗauka, domin ni ko ƙofar lif ba na son taɓawa. In za ta kedai, wato shago, sai ta ƙwanƙwasa wa Anti ta ji abin da take buƙata: madara, ayaba, furanni, turaren tsinke.

Daga nan abin ya fara cina. Kullum da rana sai mu ji an rataya ledar abinci a ƙofarmu, muryar Anti tana cewa, "Rifkatu, 'yata, makan lah!" Wato ki ci abinci. Ni fa? "Ki ɗan ba ƙawarki ita ma." Ƙawarki! Ni da na riga Rifkatu shiga gidan nan, ni na kawo ta, ni na nuna mata yadda ake hawa LRT, jirgin ƙasan cikin gari, amma Anti ko sunana ba ta riƙe ba. (Abincin dai ina ci, kuma nakan fi Rifkatu ci. Kishin bai taɓa sauka cikina ba, a ƙirji ya tsaya.)

Ana haka cutar ta kama Anti, aka tafi da ita wurin killace marasa lafiya. Makullin gidanta, ba sai na faɗa muku wa ta bar wa ba. Aiki biyu ta ɗora wa Rifkatu: ta riƙa ba wata shuka da ke baranda ruwa, kuma kowace safiya ta kira ta a bidiyo ta haska mata ɗakin ibadarta, don ta ga allolinta ta yi addu'a daga gadon da take. Bayan an yi wa gidan feshi, na bi Rifkatu sau ɗaya, wai rakiya. Gaskiyar magana, so nake fuskata ta fito a wayar.

Ɗakin ɗan ƙarami ne, da kantar katako a jikin bango. A kai akwai mutum-mutumin tagulla da dama: mai kan giwa da suke kira Ganesha, wata mace zaune a kan fure, wani riƙe da mashi, da fitilun mai. Rifkatu ta cire takalmi, ta tsaya daga bakin ƙofa, ta ɗaga waya, ba ta taɓa komai ba. Ni kuwa abin da idona ya gani daban ne. Tagullar duk ta dushe, an shafe ta da jan gari da rawaya, ga busassun furanni sun zube. A falo kuma ga wani tsadadden kabad na gilashi, rabinsa fanko.

To ni 'yar Wusasa ce. Na tashi ina ganin Mama tana dirje tasoshin tagullarta da tsamiya da toka, ta jera su a kabad, babba a ƙasa, ƙarami a sama, duk baƙon da ya shigo sai ya yaba. A wajenmu abu mai daraja ba a barinsa a lungu yana baƙi. Nan take na ce wa raina, ga ƙofar da Rifkatu ba ta gani ba. Ita ta iya sayo ayaba, ni kuwa zan yi aikin da Anti za ta riƙe sunana har da na kakana.

Na jira ranar da Rifkatu ta tafi bin layin kanti, na ɗauki makullin. Na haɗa tsamiya, gishiri da sosonmu na kicin, na shiga da silifas ɗina a ƙafa. (Eh, na san Babana fasto ne. Na tuna da shi, na ce masa a zuci, Baba, wannan ba bauta ba ce, wanke-wanke ne.) Na kwaso allolin duka na kai wajen wanke kwanuka, na dirje su ɗaya bayan ɗaya. Mai kan giwar ne ya fi ba ni wahala, don a goshinsa akwai wani busasshen abu mai kauri da ya ƙi fita, sai da na sa bayan cokali na kankare shi. Da na gama, suna walƙiya har ina ganin haƙorana a jikinsu. Na kai su kabad ɗin falo na yi musu jere irin na ɗakin amarya, dogo a tsakiya, gajeru a gefe, tsakanin kofunan gilashi da hoton bikin ɗanta. Na share kantar tas, na zubar da furannin. Ban faɗa wa Rifkatu ba, don kada ta raba ladan da ni.

Washegari Juma'a ce, ranar da suke girmamawa, don haka 'ya'yan Anti ma sun shigo kiran. Na sa jan baki, na ƙi sa takunkumi, na bi bayan Rifkatu. Ta buɗe ƙofar ɗakin, ta ɗaga waya a kan kantar da babu ko allura.

"Aiyo! Swami!" Ihun Anti, irin wayyo Allah ɗinsu, sai da ya sa wayar ta kusa faɗuwa. Ɗanta ya fara cewa a kira masu gadi, ɓarawo ya shiga. Rifkatu ta juyo ta ce, "Wayyo Allah, ni aka ba key ɗin nan. Me zan ce musu?"

Sai ga ni na shigo gaban waya da murmushi har kunne. "Anti, surprise!" Na karɓi wayar na kai ta gaban kabad, ina haskawa a hankali daga wannan gefe zuwa wancan, don su ga aiki.

Suka ƙura wa kabad ɗin ido. Na ɗauka murna ce ta kama su.

Can Anti ta ce, "Da me kika wanke su?" Na ce tsamiya da gishiri. Ta gyaɗa kai, ta ce su ma da shi suke wankewa. Na saci kallon Rifkatu, ina jin kaina yana girma. Sai Anti ta ƙara da cewa, "Amma sai mutum ya yi wanka, ya cire takalmi, kuma suna da sosonsu daban. Kin ga soson a ƙarƙashin kantar?"

Rifkatu ta kalli ƙafata, ta leƙa kicin ta hango koren sosonmu. Ta ce da Hausa, ƙasa-ƙasa, "Ke! Ba dai wanda kika wanke tukunyar naman shanu da shi ba?" Na ce, "Rifkatu, don girman Allah kar ki yi translating." Ba ta fassara ba, don a addininsu saniya abar girmamawa ce. Amma fuskarta ta riga ta gama faɗa musu cewa ba alheri.

Anti ta ce in matso da wayar kusa da Ganesha. Ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Ina abin da ke goshinsa?" Na ce, cikin sauran ƙarfin halina, ai dattin ya fita. 'Yarta ce ta amsa, tana kuka. Ta ce ba datti ba ne. Kwaɓin garin itacen sandal mai ƙamshi ne da babansu yake ɗiga masa da yatsa kowace safiya, kuma wanda na kankare shi ne na safiyar da ya rasu. Tun daga ranar Anti take wanke sauran, ta bar wannan yadda yake.

Na tsaya riƙe da waya, da jan bakina, na rasa inda zan sa idona. Na samu abin da nake nema, fuskata ta cika wayar, amma da ƙasa za ta tsage da na shige. Anti ba ta zage ni ba. Cewa kawai ta yi, "Ba 'yata wayar." Wannan kalmar ta fi mini mari zafi.

Da ta warke ta dawo, ta yi wa allolin wanka da madara da ruwan kurkur, ta mayar da kowa mazauninsa. Na je na durƙusa a ƙofarta na ba ta haƙuri. Ta ce ta yafe, ta ce hannuna yana da kyau a tagulla. Tun daga nan duk mako sai ta miƙo mini fitilunta da tukwanen tagulla, da sabon soso nata, in dirje a baranda. Ɗakin ibada kuwa ban sake wuce bakin ƙofarsa ba. Ta ma sa mini suna, Asam, wato tsamiya da Malayanci. Nawa na gaskiya har na bar ƙasar ba ta riƙe ba.

Abin da na koya shi ne, in na shiga gidan mutane na ga wani abu ya yi baƙi, in fara tambaya kafin in ɗauko soso. Kishin kuwa ba zan yi muku ƙarya in ce ya tafi ba. Rifkatu ta ci gaba da zama 'ya, har sari, zanen matan Indiya, aka ba ta ranar da za mu taho. Ni an ba ni ƙullin tsamiya.