Cinnaka a Tabarmar Biko

Da sunan Wanda ya halicci giwa, ya kuma ga dama ya halicci cinnaka, muke tsoma alƙalami a tawada domin mu taskace wa na baya labarin sadauki ɗan sadaukai, Malam Lurwanu ɗan Mamuda, ɗan Cindo mai gyaran fitila, ɗan Jatau wanda aka ruwaito ya taɓa yin gardama da kurma tun daga hantsi har azahar ya tashi yana cewa shi ya yi nasara, ɗan Nabara wanda ba a san komai a kansa ba sai dai an ce shi ma akwai baki. Zuriya ce da ba a gadon gona ko shanu a cikinta. Magana ake gado, kuma Lurwanu ya haɗa kasonsa da na 'yan'uwansa ya handame. Gagara-katsewa, mai amsa tun ba a gama tambaya ba! Hadarin alli, mai cika allo ya koma bango! Shekara goma sha ɗaya yana koyar da ilimin halittu a wata sakandare a Yawuri, ba a taɓa jin ɗalibin da ya kai ƙarshen tambayarsa ba.

Darasin da ya fi ƙauna a duniya shi ne na jijiyoyi. Yakan ce jikin ɗan Adam cike yake da ƙwayoyin jijiya, dogaye sirara, a jere tun daga yatsan ƙafa har ƙwaƙwalwa, amma ba sa taɓa juna. Tsakanin kowace biyu akwai 'yar rata wadda gashin kai ma gungume ne a kusa da ita. Saƙo yakan taho a guje da ƙarfin lantarki, in ya iso bakin ratar sai ya ja birki, don bai iya tsalle ba. Nan ƙwayar za ta saki wasu 'yan sinadarai su haye da shi, yadda 'yan fito ke haye da mutane a kwalekwale ranar kasuwa, su sauke shi a waccan gaɓar, ta can ta karɓa ta ci gaba da gudu. Wasu 'yan fiton "tafi" suke ɗaukowa, wasu "tsaya", kuma wanda ya fi yawa shi ake bi.

Matarsa Hansatu ta ji wannan darasi a kan tuwo, ta ji shi a kan wanki, ta ji shi tana zazzaɓi. Shekara shida suna tare Allah bai kawo haihuwa ba, sai wata Talata ta zauna kusa da shi ta ce, "Malam, kwana biyun nan ina jin jiri, ga kwaɗayin tsami, ina ganin kamar..."

Iyakar inda ta kai ke nan. Gwarzon ya karɓe da bayanin wani ruwa da ke cikin kunne wanda shi ke kawo jiri, har da zane a ƙasa da tsinken tsintsiya. Ta sake gwadawa ran Laraba, ta sami darasin tsamiya. Ran Alhamis ta ɗaura mayafi ta ce, "Malam, ratar da kake faɗa, taka tsakanin kunne da ƙwaƙwalwa take, kuma babu ɗan fito ko ɗaya." Ta yi yaji zuwa gidan ubanta.

Kwana tara sadaukin yana wa bango bayani. Bango bai katse shi ba, amma bai taɓa ce masa sannu da zuwa ba, kuma a nan ne Lurwanu ya gane cewa yana son matarsa, so mai tsanani, yana kuma tsoron kada ta ƙi dawowa. Ya tura kawunsa biko, aka dawo da shi da saƙo cewa mai laifin ya zo da ƙafarsa.

To surukin nasa, Alhaji Nomau Masinja, ba kanwar lasa ba ne. Shekara talatin ya yi yana kai saƙon baka tsakanin ofisoshi, kuma yana alfahari bai taɓa zubar da kalma ɗaya a hanya ba. Bayan la'asar aka shimfiɗa tabarma a gindin darbejiyar ƙofar gida. Lurwanu ya tuɓe takalma tun daga nesa, ya durƙusa, ya sunkuyar da kai yadda ake yi gaban suruki.

"Lurwanu," in ji dattijon, "sharaɗina guda ne. Zan yi magana, za ka saurara har in dire. Ka buɗe baki ko ka yi mutsu-mutsu, ka koma yadda ka zo."

"To, Baba."

"Wannan ma ta yi yawa."

Maruwaita sun saɓa a kan lokacin da abokin gaba ya shigo fagen fama. Wasu sun ce tun a salati ne, wasu sun ce sai da Alhaji ya kai labarin aurensa na fari. Abin da aka haɗu a kai shi ne, wani baƙin cinnaka, barden gindin darbejiya, ɗan ƙarami mai babban nufi, wanda bai san malami ba balle takardar shaidarsa, ya shiga ta ƙafar wandon hagu, ya ratsa ƙwauri, ya haye gwiwa, ya yi zango a bayan cinya, ya ci gaba har ya isa wani yanki da alƙalami mai kunya ba ya ambata, a can ya kafa tuta, ya gantsara cizo.

Allahu Akbar! Nan take tartsatsi ya tashi a jijiyar farko, ya sheƙa har bakin rata. 'Yan fito dubu suka faɗa ruwa, suka haye, suka sauke, ta biyu ta karɓa ta miƙa cikin lakar gadon baya, daga nan sama, mashigi bayan mashigi, babu mai tsayawa gaisuwa, har labari ya faɗo fadar ƙwaƙwalwa kafin Alhaji ya rufe baki daga kalmar "haƙuri". Lurwanu, wanda ya zana wannan hanya a allo sau ba adadi, ya ji kowace tasha da aka wuce, kuma ilimin bai rage masa zafi ko ƙwayar zarra ba.

Sai runduna ta fari ta yi sahu tana kururuwa: "Sosa! Sosa! Hannun hagu, sauka!" Saƙo ya gangara kafaɗa, yatsu suka fara motsi. Amma daga goshi, inda hankali ke zama in yana gida, runduna ta biyu ta ɓullo, dakarun da uwarsa ta horar tun yana ɗan shekara huɗu da ranƙwashi da harara, suna nasu ihun: "Kunya! Gaban suruki! Tsaya!" Aka yi arangama a bakin kowane mashigi, kwalekwalen "tafi" na karo da na "tsaya", ana ƙirga kai ana sake ƙirgawa, yatsu su ɗaga su koma, su ɗaga su koma, har daga bisani Kunya ta rinjaya da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Hannu ya lafe a kan gwiwa.

Cinnaka da ya ga ba a tanka masa ba, sai ya ɗauka izini ne. Ya ƙara na biyu. Ya ɗan matsa gaba ya ƙara na uku, wanda malaman tarihi ke kira Babban Cizo. Gumi ya keto wa sadaukin, jijiyar wuya ta miƙe, haƙora suka datse har ya ji ɗanɗanon alli na shekara goma sha ɗaya. Bakin nan da bai taɓa rufuwa don girman kowa ba ya rufu gam, saboda ya san in ya buɗe shi ba magana ce za ta fito ba.

Ana cikin wannan gumurzu Alhaji Nomau ya sassauta murya ya ce, "Kuma ka sani, ba ita kaɗai za ka mayar ba. Su biyu ne. Abin da take ta son gaya maka ke nan." Maganar ta shiga kunne lafiya lau, ta iso bakin rata, ta tarar duk 'yan fito sun tafi yaƙi. Ta tsaya a gaɓa ta gaji, ta juya.

Daidai nan hawaye biyu suka gangaro wa Lurwanu. Dattijon ya gani, jikinsa ya yi sanyi, ya ce a ransa ashe yaron nan yana da zuciya. Ya ja nasihar ya ƙara mata rabin sa'a don ganin tana shiga. Da ya dire, ya yi addu'a, ya ɗaga murya: "Hansatu! Ɗauko mayafinki. Yau na ga mutum ya saurara."

Haka aka yi Nasarar Darbejiya. Sadaukin ya ja da baya a durƙushe, ya sa takalma, ya yi tafiyar mutunci har ya sha kwanar masallaci. A bayan katanga ne ya yi wata irin rawa da ba ta da kiɗa, ya kakkaɓe wando, abokin gaba ya faɗo ƙasa ya kama gabansa ko ƙwarzane babu.

Ashe Hansatu ta biyo shi, tana tsaye tana kallo. "Malam, me Baba ya ce?"

"Ya yi magana a kan haƙuri."

"Sai me?"

Ya lalubi ƙwaƙwalwa lungu-lungu, bai sami komai ba sai cinnaka. Kunya ta kama shi, ta gaske wannan karon, ba ta gaban suruki ba. Ya ce, "Wallahi ban ji ba. Me ya ce?" Kuma ya yi shiru yana jira.

Ta bar shi ya jira. Suka wuce masu kifi, suka wuce tashar kwalekwale, bai ce uffan ba, har ƙofar gida. A nan ta dubi ƙasa ta ce, "Ba ni kaɗai ba ce, Malam. Wata uku ke nan."

An ce wannan saƙon ya haye da ƙyar, amma ya haye. Lurwanu ya dafa bango, ido ya sake cikowa, ya ce Alhamdu lillahi sau uku. Sannan jinin Jatau ya motsa. Ya gyara tsayuwa, ya ɗaga yatsa: "Kin san kuwa a wata uku jijiyoyin yaro sun riga sun fara..."

Hansatu ta kwance bakin zane ta fito da kwalin ashana, ta girgiza shi a hankali kusa da kunnensa. Wani abu ya yi motsi a ciki, kuma ba ashana ba ce.

"Ni na shimfiɗa tabarmar nan," in ji ta. "Na taho da cinnaka guda huɗu."

Nan alƙalami ya tsaya, don Lurwanu ma ya yi shiru. Ya karɓi ƙullin kayanta ya shigar ciki.