Yadda Za Ka Kare Mutuncin Tsohuwar Motarka Ranar da Ƙanin Matarka Ya Sayo Sabuwarta

Kana da motar gudu da kake taƙama da ita, sai ka wayi gari kamfanin ya fitar da sabon samfurinta mai turbo, kuma ƙanin matarka ne ya fara sayowa a duk dangi? Kwantar da hankalinka, ka zo gidan magani. Na yi maka alkawari, in ka bi matakan nan ba ka tsallake ko ɗaya ba, za ka fita da kanka a sama. Na gwada su a kan maƙwabcina Nurgali, nan unguwarmu a Almaty, kuma har yau yana raye.

Ka san matsayin mijin 'ya a gidan surukansa: shi ne mai hura wutar shayi, shi ne mai riƙe ƙafar rago. Abin da ya fitar da Nurgali daga bakin murhu shi ne jar motarsa mai ƙofa biyu da filogi shida, wadda in ya tayar da ita duk karnukan layinmu sai sun amsa. Duk shekara in zafi ya shigo, dangin matarsa Botagoz sukan hau tsauni su ci rago a makiyayar dawakinsu, kuma shi ke ɗaukar uwarta, Kulash Apa, a kujerar gaba. Wanda ya kawo Apa kuwa kusa da ita yake zama, nama mai laushi yake ci. Haka aka yi shekara da shekaru, har ranar da Sanjar, ƙanin Botagoz, ya faka wata shuɗiya a ƙofar gidan.

1. Rufe bakinka tukuna

Ganin farko shi ke kashe mutum. Sabuwar za ta fi taka faɗi, fitilunta sirara kamar idon mage mai jin barci, kuma zuciyarka za ta buga. Kada kowa ya gani.

Sanjar ya danna oda yana ihu: "Jezde! Fito ka gaisa da jikar motarka!" Jezde dai ka san haka ƙannen mace ke kiran mijin yayarsu, kuma daga ranar ɗaurin aure an halatta musu tsokanarsa har kabari.

Nurgali ya fito da silifa, bakinsa ya fara buɗewa. Na taka masa ƙafa. Ya haɗiye abin da ya taso masa, ya zagaya motar a hankali hannuwa a baya, kamar yadda na koya masa, sannan ya ce, "Hmm. Ta yi ƙiba."

Wannan kalma ce mai albarka, don gaskiya ce. Kowace sabuwar mota ta fi uwarta nauyi.

2. Sa a buɗe bonet, ka ƙirga da ƙarfi

Nan ne ƙarfinka yake. Masu ƙera mota na yanzu rage injin suke yi su liƙa masa turbo. Ka sunkuya, ka nuna da yatsa.

"Ɗaya, biyu, uku, huɗu," in ji Nurgali. Ya leƙa ƙasan motar. "Sanjar, ina sauran biyun? 'Yan kwastan ne suka riƙe?"

"Jezde, ai ba ta buƙatarsu. Ga turbo nan. Hayaƙin salansa ne ke juya wata 'yar fanka, ita kuma ta dinga cusa wa injin iska, sai ƙaramin inji ya yi aikin babba."

In aka fara maka irin wannan bayanin, ka duba farcenka. Mai sauraro ya kusa yarda. Jira kawai ya taka totur. Turbo na da wani ɗan fito siriri da yake yi, fiii. Da ka ji shi, ka juya wajen taga ka ɗaga murya.

"Botagoz! Sauke butar nan, ruwan ya tafasa!"

Tun daga ranar har yaran gidan Buta suke kiran motar.

3. Guji duk abin da ake iya aunawa

Zan gaya maka gaskiya, ni da kai: sabuwar ta fi taka gudu, ta fi ta riƙe hanya a kwana, birkinta ya fi kamawa, kuma ba ta shan mai kamar taka. Giya ma da kanta take canzawa kafin ka ƙifta ido. Saboda haka kada ka yarda a tsaya a nan. Ka kai gardamar inda ba ma'auni.

Ka dafa rufin motarka, ka lumshe ido, ka ce abin da Nurgali ya ce: "Taka tana da ƙarfi, ƙanina. Tawa tana da rai."

Ba a taɓa ƙera na'urar auna rai ba.

Sai dai a lura: kada ka faɗi wannan matarka na kusa. Botagoz na tsaye da tiren soyayyen burodi, ta ce, "Ran nata ne ke sa mu tsaya a kowane gidan mai? Ko shi ne ya bar mu a dusar ƙanƙara bara, ni da tsohon ciki ina turi?"

Mace ta daɗe a kujerar gefe. Ta san abubuwa.

4. Tona asirin rurin

Wannan shi ne babban makaminka. Ƙaramin inji ba ya ruri, don haka wasu kamfanonin sukan sa lasifikan cikin mota su riƙa yi wa direba rurin ƙarya don ya ji daɗi. Ka gayyaci dangi waje, ka ce mai motar ya shiga ya rufe gilashi ya taka.

Sanjar ya shiga ya taka. Muna ganinsa ta gilashi yana kaɗa kai yana murmushi, shi a dole yana cikin tsawa. Mu da ke waje abin da muke ji kamar keken ɗinki a ɗakin maƙwabta. Nurgali ya ƙwanƙwasa gilashin, ya ce, "In ka gama da wannan waƙar a sa mana ta biki."

Har Kulash Apa sai da ta rufe baki da gefen ɗankwalinta. Kunnuwan Sanjar suka yi ja.

Mai ƙaramin buri a nan zai tsaya. Mu kuwa muka ci gaba.

5. Kai ne za ka zaɓi filin gwaji

Kada ka yarda da miƙaƙƙiyar kwalta. Ni na ba Nurgali shawarar ya jira ranar hawan tsauni, inda babban inji zai nuna kansa.

Ranar ta zo. Manyan dangi da tukwane suka cika wata bas, motocin biyu suka jera a ƙofar gida, kowanne ya buɗe ƙofar gaba yana jira. Kulash Apa ta fito da sandarta. Ta dubi ja, ta dubi shuɗiya. Sanjar ya ce, "Apa, kujerar nan in na danna wani abu ɗumama baya take yi."

"Bayan mutum?"

"Har da matsa shi, Apa."

Ba ta ƙara kallon kowa ba, ta shige Buta.

Nurgali ya daɗe riƙe da ƙofarsa a buɗe. Tun safe ya goge kujerar, ya shimfiɗa mata ɗan bargon da take so. Ya naɗe shi a hankali ya ajiye a baya, ya ce mini, "Shigo, aga," wato babban yaya, ba tare da ya dube ni ba.

A gindin tsauni mu ne a gaba, duwatsu na amsa rurinmu. Da muka yi nisa sama sai jar ta fara haki. Nurgali ya sauke giya, ya taka har ƙasa, ita kuwa kamar an ɗaura mata buhunan dankali. Ashe can sama iska ba ta da kauri, babban inji shaƙa yake bai ƙoshi ba, mai turbo kuwa fankarsa na ta cusa masa. Wannan na cikin bayanin da muka duba farce lokacin da ake yin sa.

Muka ji fiii a bayanmu. Buta ta wuce mu a kan kwana kamar muna tsaye. Apa ko ɗaga mana hannu ba ta yi ba, barci take.

In haka ta same ka, ka rage gudu gaba ɗaya, ka sauke gilashi, in kun isa ka ce kai dama kallon itatuwa ka tsaya yi.

6. Ka ci gaba da gardama ko daga bakin murhu

Kafin mu iso Sanjar ya zauna a daman Apa. Wani kawun Botagoz ya miƙo wa Nurgali itace ya ce, "Madalla, ga mai wuta ya zo." Ya tsuguna yana hura tukunyar shayi, hayaƙi na shiga masa ido, ko dai hayaƙin muka ɗora wa laifi.

Ka tuna, murya na kaiwa ko'ina. Daga can ya riƙa jefowa.

"Motar da ba ta da safaya!"

"Motar da ba ta iya hawa tudu!" in ji Sanjar da nama a baki.

"In kana son rage sanyi sai ka latsa allo kamar mai neman lambar waya!"

"Taka ai dama sanyin ya mutu, jezde!"

Aka kawo kan rago gaban Apa don ta raba. Ta yanke kunne ɗaya ta miƙa wa Sanjar, ta yanke ɗayan ta ce a kai wa mai wuta. Kunne dai yara ake ba, don su riƙa jin magana.

Apa ta ce, "Kun hana ni jin ɗanɗanon nama. Kai ka taɓa tuƙa tasa? Kai fa? To ku miƙa wa juna makullai. A haka za mu sauka."

Shawarata a nan ita ce ka ƙi. Sai dai ban taɓa ganin wanda ya ƙi ba.

7. In ka shiga sabuwar, tsare fuskarka

Apa ta koma kujerarta mai ɗumi, Nurgali ya kama sitiyari, ni aka naɗe ni a baya gwiwoyina a haɓa. Na raɗa masa, "Ɗaure fuska. Duk abin da ta yi, ka yi tsaki."

Ya yi ƙoƙari, Allah ya gani. Ya yi tsaki da ya nemi kuloci da ƙafar hagu bai samu ba. Ya yi tsaki da motar ta yi masa ƙara saboda ya taka layin hanya. Sai muka fito wani miƙaƙƙen wuri, ya taka totur. Ta ɗan yi jim kamar mai tunani, har ya buɗe baki zai yi magana, sai ta finciko mu gaba ɗaya, ƙeyata ta bugi gilashin baya. Kwana ta taso, ya karya, motar ta bi kamar an zana mata. Wata dariya ta kuɓuce masa, irin ta ranar da aka fara ɗora mutum a kan doki.

Apa ta buɗe ido ɗaya. "Me ka ce, ɗana?"

"Tari ne, Apa."

"To ka ƙara tarin, rana na faɗuwa."

A bayanmu kuwa, Botagoz ce ta shiga jar tare da ƙaninta, ita ta ba mu labari daga baya. Sanjar ya yi ta kashe motar a gaban kawunai suna tafa masa, tana ce masa, "Saki kulocin a hankali, wawa, ba wuta ba ce!" Da ya gane kan abin, ya sa giya da hannunsa, rurin gaske ya daki duwatsu ya dawo masa, sai ya zuge gilashi ya fitar da kai yana kuwwa har tumaki suka watse.

A gindin tsauni suka tsaya, suka fito, kowanne ya gyara fuska.

"Ya ka ji ta, jezde?"

"Ba laifi. Ga masu ciwon baya. Tawa fa?"

"Tarakta ce mai jan fenti."

Suka tsaya suna kallon sama. Ba wanda ya sa hannu a aljihu ya fito da makulli.

8. In ta kama dole, ka karɓa don tausayi

Wannan matakin Nurgali ne ya ƙirƙiro shi da kansa, amma tunda ni na rene shi, nawa ne.

Ya yi gyaran murya ya ce, "Wannan fiton nata bai kwanta mini ba. Bari in riƙe ta kwana biyu in saurara. Kai yaro ne, ba za ka gane ba."

Sanjar ya ce, "Ni ma na ji kulocin taka yana ɗan wari. Kada ta kashe mini mijin yaya. Bar mini ita in lura da ita."

Suka yi musabaha kamar masu ta'aziyya. Botagoz ta dubi wannan ta dubi wancan, ta ce, "Allah ya shirye ku," ta shige bas wajen tukwane.

Dusar ƙanƙara ta zo ta narke, kwana biyun nan ba su cika ba. Yanzu in ka zauna da Nurgali sai ya zana maka fankar turbo da cokali a kan tebur, Sanjar kuma ya dafa rufin jar ya lumshe ido. Da aka tambayi Apa wa zai ɗauke ta bana, ta ce, "Ni kujerar nake bi, ko biri ne ke tuƙi." Nurgali ya ɗauki wannan a matsayin yabo, ya koma damanta.

Gargaɗi

Marubucin wannan jagora ba shi da hannu a duk abin da ya biyo baya: ƙonewar kuloci, tarar 'yan sandan hanya, gaba da surukai, ko kunnen rago a gaban jama'a. Wanda matarsa ta daina yi masa magana ya nemi wani gwanin, wannan ba fannina ba ne. Mai ƙorafi ya same ni da safe a tashar bas ta bakin kasuwa, ina layi. Jarrabawar tuƙi dai an ce in sake dawowa, wai sai na koyi ribas.