Manhajar Minti Tara ta Delmar Stucky

"Ni fa kallo ɗaya nake yi wa manhaja in san uwarta da ubanta," in ji Delmar Stucky, ya daki tebur har cokali ya yi tsalle daga faranti. "Minti tara! Minti tara kacal na yi na zaɓi tawa, ina cin fanke da ɗaya hannun. Wasu kuwa mako uku suna lalube kamar masu neman allura a rumbun masara."

Ya faɗi "wasu" ɗin nan yana kallon teburin da ke kusa da tagar gidan abincin garin.

Bari in gabatar maka da gogan, ɗan'uwa. Delmar dillalin inshorar lafiya ne mai zaman kansa a wani ƙaramin gari na yammacin jihar Nebraska a Amurka, irin garin da kowa ya san ciwon kowa. Shekara ashirin da shida yana wannan sana'a, ga tumbi, ga murya, ga koriyar hula da ya buga wa "Tambayi Delmar" yana raba wa duk wanda ke da kai. Gidaje ɗari huɗu da goma sha biyu ne a hannunsa, har da nasa gidan, kuma su ne duk abin da ya mallaka. Dillali irinsa ba shi da albashi ba shi da ubangida. In mutanensa suka watse, ya tashi daga dillali ya koma mai tumbi kawai. A gilashin ofishinsa kuwa ya sa an rubuta da manyan baƙaƙe: KARANTA KAFIN KA SA HANNU.

Wadda ke zaune kusa da tagar ita ce Loretta Vasek. Shekara goma sha tara tana sakatariyarsa, ita ke taɓa kwamfuta shi yana taɓa kafaɗun mutane. Bara ta gaji, ta ci jarabawar lasisi, ta buɗe nata ofis a tsohon shagon aski da ke tsallaken titi. Lokacin rajistar inshora na bana saura kwana biyu ya buɗe, kuma kowane dillali na neman manhajar da za ta fitar wa mutum farashin kamfanoni nan take.

"Wacce ka zaɓa, Del?" Loretta ta tambaya, tana juya gahawarta.

"Na raɗa mata suna Walƙiya. Danna biyu, farashi ya faɗo. Ga hotona a sama kamar na mai neman gwamna. Kuma riƙe kujerarki da kyau: kyauta ce!"

"Tana nuna likitocin da kowane kamfani ya yarda da su?"

"Tana nuna hotona."

"Magunguna fa?"

"Loretta, har walwali take yi."

"Sunayen da za ka zuba mata, na wa za su zama? Ka karanta sharuɗɗan?"

Delmar ya tuntsire da dariya har tumbin yana rawa. "Shafi arba'in da ɗaya? Haba, yarinya! Ni da ƙananan rubutu tare muka girma. Ƙamshinsu kawai nake ji in san abin da ke ciki. Ke ce sabuwar shiga, ki yi ta karatu."

Don ya ƙure ta, sai ya zaro kwamfutarsa ya ture kwalbar zuma gefe. A gaban duk masu karin kumallo ya shigar da sunansa da na matarsa Rhonda, ya zaɓi tsarin da ya fi kowanne araha, ya sa manhajar ta yi musu rajista da zarar an buɗe. Allon ya yi walwali, taurari suka zubo a kan hotonsa.

"Del," in ji Rhonda a hankali, "gwiwarka fa? An sa maka ranar tiyata a Janairu."

"Rhonda, sha gahawarki. Bar wa masu aiki aikinsu."

Da ya koma ofis ranar, ya kwashe gidaje ɗari huɗu da goma sha biyun nan kaf, suna da lambar waya da ranar haihuwa, har da wanda ke shan maganin basir, ya juye wa Walƙiya. Da ta tambaye shi ko ya amince da sharuɗɗa, ya danna "na amince" da ɗan yatsan da ke maiƙo, a ƙarƙashin rubutun nan na gilashinsa.

Ranar da aka buɗe rajista, wanda ya fara shigowa shi ne Gus Heinemann, manomin masara mai ciwon suga, wanda ba ya magana sai ta zama dole. Danna biyu, farashi ya faɗo, ƙasa da na bara nesa ba kusa ba.

"Ka gani ko, Gus? Zamani ke nan!"

Gus ya karɓi takardar, ya taka zuwa asibitin garin, ya dawo bayan rabin awa ya ajiye ta a kan tebur.

"Sun ce ba su san wannan kamfani ba."

"Ƙauyanci ne. Za su san shi."

"Sun duba mini. Likitan da kamfanin ya yarda da shi mafi kusa yana mil ɗari da casa'in."

"To ai ka samu dalilin fita shan iska! Kai da ba ka taɓa zuwa ko'ina ba."

"Duk wata nake ganin likita, Delmar."

"Tafiya sha biyu a shekara! Wasu kuɗi suke biya su yi yawo haka."

Gus ya dube shi, ya dubi hoton da ke walwali, ya gyara koriyar hularsa, ya tsallaka titi. Delmar ya leƙa ta gilashi yana cewa a ransa gida ɗaya ne, kuma dama Gus ba shi da fara'a.

A rana ta uku wayoyin gari suka fara kuka. Ba waya ɗaya ba, duka. Ana tatsar shanu waya na kuka, ana cikin waƙa a coci aljihu goma sha na kuka tare. Kana ɗagawa sai ka ji wata murya mai zaƙi daga can wata jiha tana kiran sunanka da na maganinka, tana cewa tana da tsarin da ya fi na dillalinka. Wata dattijuwa mai koyar da piyano ta shigo ofis a fusace.

"Mista Stucky, ko mijina marigayi bai san ina shan wannan magani ba. Yaya aka yi wani yaro a Florida ya sani?"

"Ranki ya daɗe, wannan shi ake kira kulawa ta zamani. Da can ni kaɗai ke tunawa da ke. Yanzu ƙasa ce gaba ɗaya ta damu da lafiyarki."

"Sau goma sha bakwai ta damu da ita jiya," in ji ta, ta ɗauki jakarta ta tsallaka titi.

Ka san mutumin namu, ko kusa bai yarda laifin Walƙiya ne ba. A gidan abinci ya ce hassada ce, wai manyan kamfanoni sun ji labarinsa sun tsorata. Yana cikin wannan bayani wayarsa ta yi ƙara. Ya sa ta a lasifika don kowa ya ji yadda ake nemansa.

"Barka da war haka," in ji wata murya ta na'ura. "Bayananmu sun nuna dillalinka shi ne Delmar Stucky. Idan kana son rabuwa da Delmar Stucky, danna ɗaya."

"Miƙo mini wayar," in ji Rhonda.

Aka bushe da dariya har mai soya ƙwai ya leƙo daga kicin. Delmar ya yi tasa dariyar ta dole, amma fanken ranar bai wuce masa ba. Da ya koma ofis ya rufe ƙofa, ya kira kamfanin Walƙiya. Bayan minti hamsin na kiɗa, wani mai suna Brayden ya ɗauka.

"Kai yaro, ka san da wa kake magana? Shekara ashirin da shida! Wa ya ba ku izinin sayar da mutanena?"

"Kai ka ba mu, yallaɓai. Shafi na talatin da bakwai. Duk sunan da aka shigar ya zama namu, mu sayar wa wanda muka ga dama."

"Ai kun ce kyauta ce!"

"Kyauta ce, yallaɓai. Mu ma a kyauta muka karɓi naka."

"Wane mahaukaci ne zai karanta shafi na talatin da bakwai?"

"Galibi dillalan inshora suna karantawa, yallaɓai."

"To rufe mini ita! Yanzun nan! Ku cire hotona!"

"An rufe. Hoton kuwa shafi na talatin da takwas ne. Akwai wani abin da zan taimaka da shi?"

Allon ya yi baƙi. A nan fa gogan ya gane ya jefa kansa rijiya. Tsofaffin fayiloli ya riga ya ƙone su a bayan ofis da bikinsa, wai zamanin takarda ya wuce. Shafin gwamnati kuma da dillali zai iya bi ya yi wa mutum rajista, kalmar sirrinsa tana kan Loretta, don shekara goma sha tara ita ke shiga. Ya gwada sunan karensa, ya gwada ranar haihuwarsa, ya gwada "TambayiDelmar". A karo na biyar shafin ya kulle shi, ya ce a jira wasiƙa.

Mutane kuwa sai tsallaka titi suke. A ofishin Loretta manhajar ba ta walwali, fara ce sol kamar takardar haraji. Amma in ka zauna sai ta tambayi likitanka, ta tambayi maganinka, ta tambayi gundumarka, ta nuna maka abin da zai yi aiki a asibitin da ke bayan gidan mai. Wasu kaɗan masu kiran waya suka yi awon gaba da su, sauran duk suka zube wajen Loretta, har ta aro kujeru daga coci. Kullum Delmar na tsaye a bayan gilashi yana ƙirga korayen huluna suna shiga tsohon shagon aski. Na rantse har tausayi ya ba ni, sai dai da yamma in ya shiga gidan abinci ya ce shi ne yake tace mutanensa, manya kawai yake so ya rage.

Ranar sha biyar ga Disamba ita ce rana ta ƙarshe ga wanda ke son inshorarsa ta fara aiki a Janairu. Da safiyar ranar asibiti ya kira.

"Mista Stucky, game da tiyatar gwiwarka ne. Sabon kamfaninka bai san mu ba, mu ma ba mu san shi ba. Wa ya zaɓa maka wannan tsari?"

Delmar ya yi gyaran murya. "Wani... wani dillali ne."

"Ka yi haƙuri, amma ya cuce ka. Ka san Loretta Vasek?"

Ya ajiye wayar. A cikin ɗari huɗu da goma sha biyu saura gida ɗaya tak, nasa. Gwiwar ta yi masa wani zugi kamar tana tuna masa. Ya cire koriyar hula ya cusa a aljihu, ya ɗaga kwalar rigar sanyinsa, ya ɗingisa ya tsallaka titi.

Ofishin cike yake maƙil, kuma babu fuskar da bai sani ba. Gus na nan ya rako ƙaninsa, mai piyano na nan. A teburin bakin ƙofa kuwa, wata mata na raba lambar layi da gahawa. Rhonda ce.

"Rhonda! Me kike yi a nan?"

"Aiki. Mako biyu ke nan da na raba tawa inshorar da taka. Karɓi lambarka, Del, kai ne na ashirin da uku."

"Ba layi na zo ba. Na zo in duba yadda yarinyar ke tafiyar da aiki ne, a matsayina na wanda ya rene ta."

"To duba daga can kujerar," in ji Gus. "Bayan ni."

Awa biyu ya yi a kan kujerar coci, waya na ta kuka a aljihunsa. Da aka kira shi, Loretta ba ta yi masa dariya ba, abin da ya fi dariyar ciwo. Ta tambayi likitansa, ta tambayi maganinsa, cikin minti huɗu ta nuna masa tsarin da ya ɗauki gwiwar har da sandar dogarawa.

"Kusan wannan na yi niyyar zaɓa," in ji Delmar.

"Na sani. Amma kafin in taɓa maka komai sai ka sa hannu a nan, cewa ka bar tsohon dillalinka ka dawo hannuna."

Ya fizgi biro zai rattaba don a wuce wajen. Loretta ta dafe takardar da tafin hannu, ta nuna masa tsallaken titi da haɓa, inda manyan baƙaƙen gilashinsa ke kallonsu.

"Karanta tukuna. Shafi ɗaya ne, ba zai kashe ka ba."

Delmar ya sa tabarau, ya bi layi-layi da ɗan yatsa, gumi na tsattsafo masa a tsakiyar Disamba. Sunan tsohon dillali: ya rubuta nasa. Ya zo layin ƙarshe, ya tsaya, ya sunkuyo ya rage murya, karo na farko a shekara ashirin da shida.

"Nan da aka ce 'dalilin barin tsohon dillali', dole ne a cika?"

"A'a, bar shi," in ji Loretta da ƙarfi yadda har na bakin ƙofa zai ji. "Rhonda ta riga ta cika maka. Ta ga wurin ba zai ishe ta ba, sai ta rubuta a takarda biyu ta maƙala a baya. Su ma sai ka karanta kafin ka sa hannu."