Ranar da Na Kashe Kwamfutar Ofishin Gona

Ba zan taɓa mantawa da bazarar da na kashe kwamfutar ofishinmu ba, ko na so mantawa ma mutanen Dandume ba za su bar ni ba. Lokacin ba a daɗe da ba mu jihar Katsina ba, ina aiki a wani ofishin gona a Funtuwa. An tura ni kwas na wata uku a Kaduna, na dawo ina taku ɗai-ɗai kamar ni na ƙera injin. 'Yan ofis suka laƙaba mini Injiniya, ni kuwa ban taɓa cewa a'a ba (gaskiyar magana, iyawata ba ta wuce kunnawa da kashewa da shigar da lambobi ba).

Kwamfutar ɗaya ce tal, tana wani ɗaki mai sanyi da ba a shiga da takalmi. Abin da ke cikinta kuwa gumin Baba Ilu ne. Dattijon malamin gona ne, damina uku yana zaga ƙauyukan Bakori da Danja da Dandume a kan babur, yana rubuta wane irin masara ya karɓi wace ƙasa, wanne ya ƙi. Da wannan bayanin za a raba wa manoma iri kafin ruwa ya sauka. Ni na shigar da shi duka, kuma ni da bakina na ce wa Manaja littattafan Baba Ilu sun gama aiki. Aka jibge su a sito, gara ta yi walima.

Sai aka aiko mana wata na'ura mai kaset, wadda za ta riƙa kwafe bayanan don gudun ɓacin rana. Amma ba a jona ta kawai ta kama aiki ba. A cikin kwamfuta akwai wata manhaja da ita ce uwar sauran, masu sana'ar na ce mata kanel. Ita ke fara tashi, ita ke magana da kowane ƙarfe. Kafin ta san baƙuwar na'ura, sai an ɗauko wata ƙaramar manhaja mai suna direba, a warware kanel ɗin a sake haɗa shi da ita a ciki. Manaja ya tambaye ni ko a kira ma'aikaci daga Kaduna. Na yi dariya na ce, "Ranka ya daɗe, aikin minti goma ne."

Faifan da direban ke ciki an yi kuskure an kai shi reshenmu na Malumfashi, sai na hau babur na je ɗauko shi. Faifan wancan zamanin mai laushi ne, ɗan falle baƙi. Aljihuna akwai goro da makullai, don haka na yi abin da na tashi na ga mahaifina yana yi da duk wata takarda mai muhimmanci: na ɗan lanƙwasa shi na cusa a hula, na ɗora a kai. Ga zafin bazara, ga man gashi, ga shi na tsaya a kasuwar Bakori na ci tsire na yi hira har rana ta karkata. Ni a ganina babu inda ya kai nan tsaro.

Washegari da safe na zauna gaban injin na fara haɗa kanel. Layuka suka yi ta gudu a allo. Na farko ya ce akwai fayil ɗin da ya kasa karantawa har ƙarshe. Na bayansa suka yi ta lissafo sunaye da direban ke nema ba a same su ba. Na sake, haka. Na sake, haka. Mai hankali nan zai tsaya, amma na riga na ce minti goma. Sai na tuna wani umarni da na ga malaminmu ya taɓa bugawa, mai sa injin ya ci gaba ko da ya yi ƙorafi. Na buga. Ya tambaye ni ko a ajiye tsohon kanel a gefe. Na ce a'a, me zan yi da tsoho ga sabo? Na kashe na kunna.

Kwamfutar ta yi ɗan gurnani, ta rubuta layi biyu, ta tsaya cak. Na kashe na kunna. Ta tsaya a wuri guda. Na yi ta kashewa ina kunnawa, ya fi sau ashirin, ina karanta duk addu'ar da ta zo bakina, har da ta shiga kasuwa. Ɗakin nan mai sanyi, amma rigata ta jiƙe sharkaf. Abu ɗaya nake gani a idona: damina uku ta Baba Ilu tana cikin akwatin nan, kuma babu ita a ko'ina a duniya sai nan.

Ina cikin haka Baba Ilu ya leƙo, ya tuɓe takalmi, ya ce in ba damuwa yana son jerin ƙauyukan Dandume. Na ce masa injin na hutawa. Ya ce to Allah ya huta gajiya, ya fita. Da Manaja ya zo kuma na ce wuta ce ta yi rawa ta taɓa ta. Da na zare faifan na ga yadda ya kumbura a tsakiya, sai tsoro ya ƙara kama ni, na mayar da shi cikin hula don kada kowa ya gani. Kwana uku ana haka. Duk hadarin da ya taso daga gabas, ni kaɗai ne a Funtuwa ke roƙon kada ruwa ya sauka.

Ran Alhamis aka turo wata ƙwararriyar kwamfuta, Madam Ngozi, daga Kaduna. Na ɗan ji sanyi, na ce a raina ko ta gano wani abu da Turanci za ta faɗa, ba kowa zai ji ba. Ashe haifaffiyar Funtuwa ce, mahaifinta na sayar da kayan gyaran mota a bakin tasha, Hausarta ta fi tawa. Manaja da Baba Ilu da rabin ofis suka cika ɗakin. Ta tayar da injin da nata faifan, ta buɗe inda yake ajiye duk umarnin da aka ba shi (ban san yana da wannan halin gulma ba), ta riƙa karantawa ɗaya bayan ɗaya, tana fassarawa a natse. Ta ce ba wuta ba ce. An haɗa kanel da guntun direba, injin ya yi gargaɗi sau uku an danne shi, an kuma share tsohon.

Sannan ta juyo ta ce, "Malam, ina faifan?"

Na ce ban san inda na ajiye shi ba. Gumi na shiga mini ido, sai na cire hula don in share goshi. Faifan ya faɗo, ya yi 'yar rawa a ƙasa, ya kwanta daidai ƙafar Manaja, yana ƙyallin man gashi. Ba wanda ya yi dariya, kuma da an yi da ya fi mini sauƙi. Madam ta ɗauka da yatsa biyu ta duba, ta tambaye ni ko daga Malumfashi a cikin hular nan ya zo. Na gyaɗa kai.

Kafin la'asar ta mayar da kanel mai lafiya, ta sa direban daga wani faifan, na'urar kaset ta kama aiki. Bayanan Bakori da Danja suka dawo. Na Dandume na daminar ƙarshe kuwa sun tafi, ta ce yawan kashewa da kunnawar nan ne ya cinye su. Na kasa kallon Baba Ilu. Sai ya ce, "Ba komai, ɗana. Manoman suna nan da ransu, sai mu koma mu tambaye su." Da zagina ya yi da na fi samun barci.

Manaja bai kore ni ba, cewa ya yi in bi shi. Mako biyu ina bayan babur ɗin dattijon nan, riƙe da littafi da biro, ƙauye bayan ƙauye. Duk inda muka sauka sai ya gabatar da ni da cewa ga Injiniyan da injinsa ya manta, an zo a ji daga bakinku. Su kuwa ba su manta ko buhu ɗaya ba. Mun gama ana saura kwana biyu ruwan shuka ya sauka.

Tun daga nan, in inji ya yi mini ƙorafi, layin farko nake karantawa in tsaya a nan. Kuma na koyi faɗin "ban iya ba" tun ina ni kaɗai da mai tambaya, don na ɗanɗana yadda take fita a gaban mutum goma sha biyu.