Ranar da Aka Sayar da Takalmina a Alƙahira

Ko na manta komai na tafiyarmu Misra, ba zan taɓa mantawa da shagon nan ba. An kai mu kwas ɗin noman rani ne, mu shida daga Kura da Bunkure. Ni kuwa littattafan soyayya sun riga sun gaya min cewa duk wanda ya fita waje da mata yake dawowa.

Ranar hutu na faɗa wani lungu, sai ga shagon tsofaffin kaya: agogunan da suka daina tafiya, fitilun tagulla, har da mujiya busasshiya sanye da tabarau. A tsakiyarsu wata budurwa take zaune, idanunta kamar an zana. Zuciyata ta ce, “Ga ta nan.”

Da na ga darduma shimfiɗe, sai na tuɓe takalmina a bakin ƙofa kamar kowane ɗa mai tarbiyya. (Sabon da na sayo don tafiyar ya ci min ƙafa, tsohon na fata da nake zuwa gona da shi na sako.) Na gyara hula, na shaida mata da guntun Turancina cewa ni babban ɗan kasuwa ne daga Kano. Tumatirin da nake nomawa kuwa, ko sunansa ban kama ba.

Muna cikin haka wata Baturiya ta shigo, riƙe da takalmina da hannu biyu kamar jariri. Budurwar ta juya shi, ta dubi ɗinkin da aka yi masa sau huɗu, ta ce, “Babana ne ya ajiye, ina ji. Irin na fataken Sahara ne, ya fi shekara ɗari.”

Jama'a, bara na saye shi a kasuwar Kura!

In yi magana, attajiri ya mutu. In yi shiru, takalmi ya tafi. Na zaɓi soyayya. Ina kallo aka naɗe shi a takarda, har na ce wa Baturiyar ta iya zaɓe.

Da na tashi tafiya, budurwar ta rako ni ƙofa. Ta dubi ƙasa, ta dubi faso a dugadugaina, ta rufe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa.

“Ya ustaz,” ta ce, “kana da wasu a gida? Muna saye.”

Silifas ɗin banɗakinsu ta ara min na koma masauki. Tun daga ranar, in zan shiga inda ake daraja tsohon kaya, a hammata nake riƙe takalmina.