Tana Tashi, Ba Ta Tafiya

Zuwa ga Mai Girma Hajiya Tsatsa,
Shugabar Ƙarafan da Aka Bari a Waje,
Uwar Ɗakin Duk Notin da Ya Ƙi Kwancewa.

Ranki ya daɗe,

Bayan gaisuwa irin ta talaka ga mai mulki, ina fatan kina cikin ƙoshin lafiya. Ƙoshin dai ba na shakkarsa, tunda a ƙofar gidana kike kalaci safe da yamma. In kin ga kuskure a rubutuna ki yafe, ni da makaranta mun rabu ne tun kafin mu saba.

Ni magidanci ne, uban 'ya'ya huɗu, ɗan haya. Na rubuto miki ne kan wata tsohuwar tarakta mai sarƙa, irin wadda ba ta da taya, da na ba da babur ɗina da injin ban-ruwana na karɓo. Shirina in riƙa share wa mutane filaye, in zama babban mutum da furfurata. Tambaya ɗaya na yi wa dillalin: "Tana tashi?" Ya dafa ƙirji ya ce bugu ɗaya. Kuma bawan Allah bai yi ƙarya ba. Ni ne ban tambaya ko tana tafiya ba. Da na ga an kawo ta a bayan tirela, an ɗaga ta da ƙugiya an dire, sai na ɗauka karramawa ce irin wadda ake yi wa manya.

Daidai bakin ƙofar gidan aka dire ta. Washegari ma'aikata suka zo suka haƙa kwata a tsakiyar layin, yanzu ko motar da ta kawo ta ba ta da hanyar dawowa. Mai gida ya zo, ya matse tumbi ya shigo a kaikaice, ya ce mini kafin wata ya mutu, ko ta tashi ko mu tashi. Na hau na murɗa makulli, ta ɗauka da ruri, na ce: "Alhaji, ga shi ta tashi." Bai yi dariya ba. Wataƙila hayaƙin ne ya hana shi.

Ga koke-kokena, cikin ladabi.

Na ɗaya. Injin lafiyarsa ƙalau, ya fi ni. Na sa giya, na saki kuloci, na ƙara wuta har tagogin maƙwabta suka yi rawa, sarƙa ko gezau. Na gwada giyar baya, ko dai gida take son komawa. Nan ma shiru. Shin ranki ya daɗe, me ya sa kika bar mata murya kika karɓe ƙafa? Da ƙafar kika bari kika ɗauke muryar, da ni da unguwa mun yi miki godiya.

Na biyu. Na yi zargin birki ne kika liƙe. Na shiga ƙarƙashinta da guduma na yi ta bugu, ina kiran sunanki da wasu kalmomi da nake neman afuwa a kansu. Abin da ya motsa kawai shi ne garinki, wanda kika zuba mini a ido da baki. Na shaida, ɗanɗanonki yana daɗewa.

Na uku. Akwai murfi a ƙarƙashin kujerar direba, inda sandunan juya akalar taraktar suke shiga. Na ɗora sifana a kan notin farko, ya ƙi. Na ƙara bututu a hannun sifanar na rataya da dukan nauyina. Notin ya karye, ni kuma na sauka a cikin kwatar da aka haƙa, a gaban surukata da ta zo duba jikoki. Ta leƙo ta ce: "Sannu da aiki, Injiniya." Sunan ya bi ni har shagon mai aski. Wace doka ce ta ba ki izinin riƙe noti har ya gwammace ya mutu da ya juya?

Na huɗu, kuma a nan zan ɗan sassauta murya. Da na samu murfin ya ɗaga, na leƙa na ga jar fuskarki a kan komai, sai zuciya ta ɗebe ni. Na san mai ne maganinki, don haka na juye galan guda na baƙin mai a ramin, na tsaya ina jiran ki gudu. Da bakaniken layinmu ya zo, ya tsoma yatsa ya shinshina, ya tambaye ni wane maƙiyina ne ya yi wannan aika-aika. Na ce ana bincike. Ya ce faya-fayan da ke ciki su ne ke kama juna su ja sarƙa, kuma a bushe suke aiki. Ke kin riƙe sandunan sun ƙi sakin faya-fayan su haɗu, da wannan ne kawai, gyaransa aikin yini ɗaya ne. Yanzu da suka sha mai, ko sun haɗu zamewa za su yi ta yi, sai an ciro su duka. Ciro su kuwa sai an ɗaga tankin mai, tankin kuma notunansa suna hannunki. Ashe ma'aikacinki na zama ban sani ba, ba albashi, ba takardar ɗauka.

Na biyar. Kin zubar mini da girma a cikin gida. Maman yara ta ce ba tarakta na sayo ba, janareta ce da ba ta kawo wuta. A kan ƙarfen gabanta take shanya yanzu, ta ce wannan ne karon farko da cinikina ya amfane ta. Mai ruwa ya daina shigowa da kurarsa, ni nake jido da jarka. Auta kuma, da malamarsu ta tambaye ta sana'ar babanta, cewa ta yi ina kunna ƙarfe in kashe. Na so in yi faɗa, na rasa inda yarinyar ta yi kuskure.

Ranki ya daɗe, da na ɗauki biro niyyata in roƙe ki ki sakar mini dukiyata. Ina cikin rubutu na gane ba a taɓa jin kin mayar da abin da kika karɓa ba. Saboda haka na sauya buƙata. Tunda kin fara ci, don girman Allah ki ƙarasa. Ki daina wannan tsakura ta masu kunya, ki gayyato dangi, ku cinye ta ƙarƙaf kafin wata ya mutu. Ku fara ta ɓangaren da ya tare ƙofa. Ni zan riƙa yayyafa muku ruwa da gishiri kullum, kyauta.

In kuma kin ga aikin ya fi ƙarfin kwanakin, to ga wata 'yar alfarma da ba za ta ɗauke ki lokaci ba. Jiya an ga mai gida a kasuwa yana sayen sabon kwaɗo, ƙato, wanda zai garƙama wa ɗakina. Ƙarfe ne mai kyau, ranki ya daɗe, ko fenti babu a jikinsa. Na san ba za ki raina ba.

Naki mai biyayya, da hannu biyu duk da ɗaya na naɗe da bandeji,

Injiniya,
Ɗaki na ƙarshe, gidan da ake shiga a kaikaice.