Ƙananan Sunayen Littafin Shadli

"Lafiya lau, amarya. Gaisuwa kika zo ko sata?"

Haka Shadli ya tarbi jikarsa Durra, ko zama ba ta yi ba. Ina gefe da kofin shayina, don ni ke buga masa ganga in yana wasa. Shekara arba'in yana rawar da 'yan tsana na katako masu zare a ɗakin wasan nan na tsohon garin Kef, can yamma da Tunis, yanzu rufin ya tsage, ga ruwan sama na tafe, don mu nan da hunturu ake yin sa. Ƙungiya uku muka haɗa kai: mu makaɗa, matan da ke saƙar darduma, da shi. Sharaɗin ɗaya ne: kowa ya kawo sunayen masu taimaka masa, a gayyace su taro guda na neman kuɗin gyaran rufin. Kowa ya kawo ban da tsohon nan mai taurin kai, da ya ƙanƙame littafin da sunayen nasa ke ciki. In bai bayar yau ba, ba shi a ciki, ba kuma sabon rufi.

"Me zan sata a nan, tsoho? Yanar gizo?"

"Littafina. Tun kina rarrafe kike harinsa."

"Lalla Mabruka ta masaƙa sunaye sittin ta bayar, ko gardama ba ta yi ba."

"Masu sayen darduma! Nawa manyan mutane ne. In ba ku, ku kwashe su, ku bar ni da katako?"

"Ai katakon ne danginka. Ba kai ne bara a takardar neman tallafi, wajen ma'aikata, ka rubuta goma sha bakwai ba? Duk 'yan tsana!"

"Ba sa aiki ne? Wanne ya taɓa makara? Ke fa, sai rana ta take kike tashi. Je ki, na sake ki."

"Saki na nawa ke nan? Wa za ta kwashi mai haƙori huɗu?"

"Biyar!"

Ya buɗe baki zai nuna mata, ita kuwa ta zare littafin daga ƙarƙashin cinyarsa. Na zaci zai yi tsalle. Ko motsi bai yi ba. Ta buɗa shafi ɗaya, biyu, dariyar ta ɗauke.

"Kaka, Si Munji mai gidan burodi ai tun ina firamare ya rasu."

"Na sani. Da ni aka ɗauki makararsa."

"Wannan ma. Da wannan. Su nawa suka rage?"

"Uku. Ɗaya ba ya ji, ɗaya ba ya gane ni." Ya kalli rufin. "Ba rowa nake ba, Durra. Kunya nake ji, kowa ya zo da mutanensa, ni in zo da maƙabarta a hammata."

Na ajiye kofin shayin nan. Shekara ashirin ina zaginsa a zuciya kan littafin nan, ashe ban san komai ba.

Durra ta share hanci, ta ƙura wa shafin ido.

"Ƙananan sunayen nan na ƙarƙashin kowa fa?"

"Yaran da suke kawowa kallo ne. Nakan rubuta, in wasa ya yi nisa in sa ɗan tsanan nan Mai Hanci ya kira yaro da sunansa. Ki ga yaro ya daskare, wai katako ya san shi."

"Nizar ɗan Si Munji, shi ne mai kantin magani na bakin tasha! Wannan Salwa likita ce a Tunis!"

"Haba, yara ne fa."

"Yara masu furfura! Tsufa ya cinye maka lissafi, angon."

Sai ya miƙa hannu ya sauko da Mai Hanci daga ƙusa, ya kaɗe masa ƙura, ya ja zare. Siririyar muryar nan ta fito:

"Durra, jikar Habiba matar Shadli! Kina nan?"

Mace mai shekara talatin ta daskare a tsaye, idonta ya cika.

"Ina nan," ta ce.

Shadli ya fashe da dariya, haƙora biyar a waje.

"To, yana aiki. Na mayar da ke, amarya, littafin sadakinki ne. Amma ki gaya wa Mabruka, nawa ba a aika musu takarda. Mai Hanci ne zai kira su, ɗaya bayan ɗaya."